Git da Farautar Kuskure a Kenel: Yadda Ake Gano Gyaran da Ya Ɓata Babbar Manhajar Waya

Wani lokaci waya tana aiki lafiya lau, sai sabuntawa ta sauko mata, daga nan ta fara halin da ba a san ta da shi ba. Ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta, ko caji ya daina jimawa, ko Wi-Fi ya riƙa yankewa. Mai wayar zai ce sabuntawar ce ta ɓata ta, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. Sai dai sabuntawa guda tana iya ƙunsar dubban gyare-gyare, waɗanda mutane daban-daban suka rubuta a ƙasashe daban-daban. A cikinsu wanne ne ya jawo matsalar?

Wannan darasi zai yi bayanin kayan aikin da masu gina manhaja ke amfani da su wajen amsa wannan tambaya: manhajar Git, wadda ke adana tarihin kowane gyara, da kuma manhajojin da ke leƙa cikin kenel don ganin abin da ke faruwa. Dukkansu buɗaɗɗun manhajoji ne, kyauta ake samun su, kuma akwai gwajin da mai karatu zai iya yi a kan wayarsa ba tare da kwamfuta ba.

Mene ne kenel, kuma me ya haɗa shi da wayar hannu?

Kenel shi ne zuciyar babbar manhaja. Yana zaune ne tsakanin ƙarafunan waya da manhajojin da ake taɓawa a fuskarta. Idan WhatsApp na son buɗe kyamara, ba ta da ikon yin magana da kyamarar kai tsaye. Sai ta bi ta hannun babbar manhaja, a ƙarshe buƙatar ta isa ga kenel. Shi ke raba wa manhajoji lokacin masarrafa, shi ke raba musu ma'adanar RAM, shi ke hana wata manhaja leƙa bayanan wata, kuma a cikinsa direbobin caji, da na sauti, da na sadarwa suke.

Duk wayar Android, ko Tecno ce, ko Infinix, ko itel, ko Samsung, ko Redmi, a kan kenel ɗin Linux take tafiya. Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Fitowar farko layuka kusan 10,000 ce kawai. A yau layukan sun haura miliyan 30. An ɗora shi a kan lasisin GPL zubi na 2, wanda ya wajabta wa duk kamfanin da ya sayar da na'ura mai ɗauke da shi ya samar da rubutun kenel ɗin da ya yi amfani da shi ga masu na'urar.

Kuskure a kenel ya fi kuskure a manhaja ta yau da kullum hatsari. Idan manhajar wasa ta samu tangarɗa, ita kaɗai za ta rufe. Idan kenel ne ya samu tangarɗa, babu wani a samansa da zai tare shi, don haka wayar gaba ɗaya ce za ta tsaya. Idan kuma kuskuren na tsaro ne, wanda ya gano shi zai iya mallake wayar duka, har da manhajar banki da hotunan da ke ciki.

Yadda aka haifi Git

Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta aikin kammala karatu ya san wannan: jaka ɗaya mai suna "aiki", wata "aiki gyararre", wata "aiki na ƙarshe", wata kuma "na ƙarshe na gaske". Bayan wata biyu babu wanda zai iya tuna bambancin da ke tsakaninsu. To, idan mutum ɗaya ya rikice a kan jaka huɗu, ina ga dubban mutane masu gyara rubutu guda a lokaci guda?

Shekara goma na farko, da hannu ake tattara gyare-gyaren Linux. Kowa ya turo facinsa ta imel, Torvalds ya duba ya liƙa. A 2002 aka koma amfani da wata manhaja mai suna BitKeeper ta kamfanin BitMover. Ta yi aiki sosai, amma rufaffiya ce: an ba masu Linux damar amfani da ita kyauta, ba tare da ganin rubutunta ba. A 2005 saɓani ya taso, bayan da Andrew Tridgell, ɗan Ostireliya da ya ƙirƙiro manhajar Samba, ya rubuta wata 'yar manhaja mai iya magana da rumbunan BitKeeper. Kamfanin ya janye damar kyautar.

Torvalds ya ajiye aikin kenel na ɗan lokaci, ya zauna ya rubuta tasa. A farkon Afrilun 2005 ya fara, kuma cikin 'yan kwanaki Git ta kai matsayin da take adana tarihin kanta. A watan Yuni aka fitar da Linux 2.6.12 ta hanyarta. A watan Yuli ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, wanda ya ci gaba da riƙe ta tun daga lokacin.

A nan akwai abin da ke rikita masu koyo da yawa: Git daban, GitHub daban. Git manhaja ce da ke aiki a kan na'urar mutum ko da babu intanet. GitHub kuwa shafi ne da aka buɗe a 2008 don ajiye rumbunan Git a intanet, kuma Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Ainihin rumbun Linux ma ba a GitHub yake ba, yana kernel.org ne.

Yadda Git ke adana tarihi

Wurin da Git ke kula da shi ana kiransa rumbu. Duk sanda mai aiki ya kammala wani gyara, sai ya yi ajiya. Kowace ajiya tana ɗauke da hoton yadda dukkan jakunkunan aikin suke a wannan lokaci, da sunan wanda ya yi gyaran, da rana, da bayanin dalilin gyaran, da kuma lambar ajiyar da ta gabace ta.

Wannan lamba ita ce ginshiƙin tsarin. Git tana lissafo ta ne daga abin da ke cikin ajiyar, da wani tsarin lissafi mai suna SHA-1, ta fitar da haruffa da alƙaluma 40. Tunda lambar ajiyar baya na cikin abin da ake lissafawa, duk wanda ya koma ya canza ko da harafi ɗaya a tsohuwar ajiya, lambarta za ta canza, haka lambobin duk waɗanda suka biyo bayanta. Saboda haka ba a iya sauya tarihi a ɓoye. Masu kwafin rumbun za su ga lambobinsu sun saɓa.

Abu na biyu shi ne reshe. Mai son gwada wani sabon abu zai buɗe reshensa, ya yi ta ajiya a can ba tare da ya taɓa babban aikin ba. Idan abin ya yi kyau a haɗe shi, idan bai yi ba a watsar. Abu na uku, duk wanda ya kwafi rumbu ya kwafi tarihinsa gaba ɗaya, tun daga ajiyar farko. Wannan ya sa bincike a cikin tarihi ba ya cin data, kuma idan wani rumbu ya lalace akwai irinsa a hannun mutane da yawa.

Masu Linux suna da wata ƙa'ida da ta ƙara wa wannan tarihi amfani: kowace ajiya ta yi abu ɗaya tak, kuma kenel ya kasance ana iya gina shi a kan kowace ajiya. Ba a yarda mutum ya cusa gyara goma marasa alaƙa a faci ɗaya ba. Dalilin wannan ƙa'ida zai bayyana yanzu.

Raba biyu: dabarar git bisect

A ɗauka mai shago yana rubuta cinikinsa a littafi kullum, yana ɗora lissafin yau a kan na jiya. Ran 1 ga wata kuɗin da ke littafi ya yi daidai da na aljihun tebur. Ran 30 ga wata sai ya ga sun saɓa. Yana iya bin shafi-shafi daga farko, amma akwai hanya mafi sauƙi: ya buɗe ran 15. Idan lissafi daidai yake a nan, kuskuren na gaba. Idan ya riga ya karkace, kuskuren na baya. Da dubawa ɗaya ya yar da rabin wata. Sai ya sake raba ragowar biyu, ya sake rabawa. Dubawa biyar ta isa ta kai shi ga ranar da abin ya faru.

Aikin git bisect ke nan. Mai bincike zai nuna wa Git ajiya ɗaya da ya tabbatar lafiya take, da wata wadda ya tabbatar akwai matsala a cikinta. Git za ta zaɓo ta tsakiya ta shimfiɗa masa. Shi kuma ya gina kenel daga wannan ajiya, ya kunna, ya gwada, ya faɗa mata sakamako: lafiya ko matsala. Haka za su yi ta yi har a rage ajiya ɗaya.

Ana fitar da sabon zubin Linux kusan duk mako 9 zuwa 10, kuma kowane zubi yakan ƙunshi ajiya sama da 10,000. A ɗauka 15,000 ne tsakanin zubin da ke aiki da wanda ya ɓaci. Rabawa ta farko ta bar 7,500, ta biyu 3,750, ta uku 1,875, haka har a sauko kan ɗaya a gwaji na 14. Idan kowane gwaji na cin rabin awa, awa 7 ke nan. Wanda ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya kuwa, zai iya cin awa 7,500, wato sama da kwana 300 ba dare ba rana. Ko da tarihin ajiya miliyan ɗaya ne, gwaji 20 ya isa.

Abin da ya sa wannan dabara ta zama mai daraja shi ne, ba ta buƙatar mutum ya iya karanta rubutun kenel. Tana buƙatar ya iya gina shi, ya kuma iya faɗin gaskiyar abin da ya gani. Sau da yawa matsalar tana fitowa ne a kan wata na'ura da mai rubuta facin ba shi da irinta. Mai na'urar ne kaɗai zai iya gwadawa. Idan ya kai ƙara ya ce "sauti ya daina aiki", masu gyara za su yi ta lalube. Idan kuwa ya ce "sauti ya daina aiki daga ajiya mai lamba kaza", ya ba su sunan marubucin, da ranar, da layukan da aka taɓa. A nan ne ƙa'idar ajiya ɗaya abu ɗaya ke biya: abin da za a duba 'yan layuka ne, ba dubbai ba. Kuma Torvalds ya yi suna wajen tsanantawa a kan cewa gyaran da ya ɓata abin da ke yi wa mutane aiki a da, to a gyara shi ko a janye shi.

Gwaji a kan waya

Gina kenel sai da kwamfuta, amma koyon Git da dabarar raba biyu ana iya yinsa a kan Android da manhajar Termux, wadda ake samu a F-Droid. Bayan an buɗe ta, a fara da ganin zubin kenel ɗin wayar, sannan a saukar da Git:

```
uname -r
pkg install git
git config --global user.name "Mai Koyo"
git config --global user.email "maikoyo@example.com"
```

Sai a buɗe sabon rumbu, a rubuta 'yar manhajar da ke lissafin kuɗin kaya uku a kan naira 500 kowanne:

```
mkdir gwaji
cd gwaji
git init
echo 'echo $((500 * 3))' > kudi.sh
git add kudi.sh
git commit -m "Ajiya ta 1"
sh kudi.sh
```

Amsar da za ta fito ita ce 1500. Yanzu a ƙara ajiya ta 2 da wannan umarni, sannan a maimaita shi don ta 3 da ta 4, ana canza lambar kawai:

```
echo "# gyara na 2" >> kudi.sh
git commit -am "Ajiya ta 2"
```

A ajiya ta 5 za a saka kuskure da gangan, a mayar da alamar sau ta koma ta tarawa:

```
sed -i 's/\*/+/' kudi.sh
git commit -am "Ajiya ta 5"
```

Sai a ci gaba da ta 6, ta 7 da ta 8 kamar yadda aka yi ta 2. Idan aka sake kunna manhajar, 503 za ta bayar maimakon 1500. Umarnin git log --oneline zai jero ajiyoyin takwas da gajerun lambobinsu. Farauta ta fara:

```
git bisect start
git bisect bad
git bisect good HEAD~7
```

Layi na biyu na nufin inda ake yanzu akwai matsala. Na uku na nufin ajiyar da ke taki bakwai a baya, wato ta farko, lafiya take. Git za ta kai mai koyo tsakiya. A rubuta sh kudi.sh. Idan 1500 ta fito, a rubuta git bisect good; idan 503 ce, a rubuta git bisect bad. A gwaji na uku Git za ta sanar cewa Ajiya ta 5 ce farkon ɓarna. Umarnin git show tare da lambarta zai nuna layin da aka cire da wanda aka saka. A ƙarshe a rubuta git bisect reset don komawa inda aka taso.

Gwajin ya fi armashi idan aboki ne ya ɓoye kuskuren a cikin ajiya 30 ko 40 ba tare da ya faɗi inda ya saka ba. Wanda ya saba kuma zai iya gwada git bisect run, inda ake ba Git wata 'yar manhajar gwaji ta riƙa yanke hukunci da kanta, ta kammala binciken ba tare da an tsaya a kanta ba.

Inda raba biyu ke gazawa

Dabarar na da sharuɗɗa. Na farko, dole a san wurin da abin yake lafiya. Na biyu, dole matsalar ta riƙa fitowa duk sanda aka gwada. Idan irin wadda ke zuwa sau ɗaya a kwana uku ce, mai gwaji zai iya cewa "lafiya" a ajiyar da take ɗauke da cutar, kuma amsa ɗaya ta kuskure ta isa ta sa Git ta yar da rabin da mai laifin ke ciki, ta ƙare ta nuna wanda bai ji ba bai gani ba. Na uku, wani lokaci ajiyar tsakiya ba ta ginuwa sam saboda wata matsala dabam. A nan ana rubuta git bisect skip don a tsallake ta. Sannan ajiyar da aka kama ba lallai ita ce tushen cutar ba. Mai yiwuwa tsohon kuskure ne ke kwance, sabon gyaran ya taso shi kawai. Don haka ake buƙatar kayan aikin da ke duba cikin kenel ɗin kansa.

Kayan leƙa cikin kenel

Mafi tsufa kuma mafi yawan amfani shi ne printk. Umarni ne da mai rubutu ke sakawa don kenel ya rubuta saƙo idan ya iso wani wuri. Saƙonnin na da matakai takwas, daga 0, na gaggawa mafi tsanani, zuwa 7, na masu bincike. Ana zuba su ne a wata ma'adana mai iyaka, wadda idan ta cika sabo ke hawa kan tsoho. Umarnin dmesg ne ke karanto su.

Idan kenel ya ci karo da babban kuskure, iri biyu ne. Akwai wanda ake kira oops: kenel ya kashe aikin da ya jawo matsalar, ya yi ƙoƙarin ci gaba. Akwai kuma panic: ya ga ci gaba zai iya lalata bayanai, sai ya tsaya cak. A waya, wannan shi ke bayyana a matsayin mutuwa da tashi ba zato. A duka biyun kenel yakan rubuta jerin ayyukan da suka kira juna har aka iso inda aka faɗi, kuma wannan jeri shi ne farkon abin da mai gyara ke karantawa. Matsalar ita ce saƙon na cikin RAM, wayar kuma za ta sake tashi. Maganin wannan shi ne pstore da ramoops: ana keɓe wani ɗan yanki na RAM da ba a sharewa yayin sake tashi, a bar saƙon ƙarshe a can don a karanta daga baya.

Idan matsalar ba faɗuwa ba ce, nauyi ne ko jinkiri, sai a koma ga ftrace, wadda Steven Rostedt ya jagoranci ginawa, ta shiga kenel a 2008. Tana rubuta wane aiki ne ya gudana, yaushe, kuma tsawon wane lokaci. Manhajar Perfetto, wadda masu gina Android ke bincikar sanƙarewar waya da ita, daga ftrace take ɗebo bayanan kenel.

Akwai kuma GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986. Tana iya tsayar da manhaja a kan layin da aka zaɓa, a duba abin da ke cikin ma'adana, a matsa gaba layi-layi. Tsayar da kenel a kan na'urar da ake aiki da ita kamar mutum ya yi wa kansa tiyata ne, don haka ake buƙatar na'ura biyu. KGDB, wadda ta shiga kenel a zubi na 2.6.26 a 2008 bayan Torvalds ya daɗe yana ƙin irinta, tana ba da damar wata kwamfuta ta sarrafa kenel ɗin wata ta igiya. Hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce QEMU, manhajar Fabrice Bellard da ke ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske. A kunna kenel ɗin gwaji a ciki, a jona GDB daga waje. Idan ya faɗi, babu abin da ya taɓa ainihin kwamfutar.

Kurakuran tsaro da yawa daga ma'adana suke tasowa: kenel ya yi rubutu ya zarce iyakar wurin da aka ba shi, ko ya koma amfani da wurin da ya riga ya saki. Irin wannan ba ya nuna alama nan take. KASAN, wadda ta shiga a zubi na 4.0 a 2015, an yi ta ne don kama su. A tsarinta na asali tana keɓe kashi ɗaya cikin takwas na ma'adana don riƙe bayanin inda aka halatta taɓawa da inda aka hana, kuma tana duba wannan bayani kafin kowane karatu ko rubutu. Tana sa na'ura nauyi, shi ya sa a ɗakin gwaji ake kunna wannan tsari, ba a wayoyin kasuwa ba. Ana haɗa ta da syzkaller, manhajar da Dmitry Vyukov na Google ya ƙirƙiro, wadda ke jefa wa kenel buƙatu barkatai ba ƙaƙƙautawa don ta ga wacce za ta kayar da shi. Tsarin syzbot na gudanar da wannan dare da rana, yana kai rahoto da kansa, har yakan yi amfani da dabarar raba biyu ya nuna ajiyar da ake zargi.

Darasin Dirty COW

A watan Oktoban 2016 aka bayyana wata ɓaraka mai lamba CVE-2016-5195, aka yi mata laƙabi da Dirty COW. Ta shafi yadda kenel ke kwafe shafin ma'adana idan wata manhaja na son yin rubutu a kan abin da aka ba ta don karatu kawai. Idan aka sa ayyuka biyu suka yi tsere a daidai wani ɗan taƙin lokaci, rubutun kan sauka a kan asalin maimakon kwafin. Ta haka manhaja marar wani iko za ta iya sauya jakunkunan da aka killace, ta zama mai cikakken iko a kan na'ura. Ɓarakar ta shafe aƙalla shekara 9 a cikin kenel, kuma an gano ta ne bayan an ga ana kai hari da ita.

A bayanin ajiyar da ta toshe ta, Torvalds ya faɗi cewa shi da kansa ya taɓa ƙoƙarin gyara wannan kuskure shekara 11 da suka wuce, amma aka janye gyaran saboda ya jawo matsala a kan manyan kwamfutocin IBM samfurin s390. Ya kawo lambobin ajiyoyin biyu, ta gyaran da ta janyewar, kuma duk mai kwafin rumbun zai iya buɗe su ya karanta. Raba biyu ba za ta kamo irin wannan ba, tunda babu wani zubi na kusa da za a ce lafiya yake. Amma tarihin ya nuna abin da aka taɓa gwadawa da dalilin rushewarsa, don kada a maimaita.

An toshe ɓarakar a Linux cikin gaggawa, amma isowar gyaran waya wani dogon zango ne. Daga babban rumbu zuwa rassan da ake kula da su na dogon lokaci, ƙarƙashin Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa. Daga nan zuwa kenel ɗin Android na Google. Sai masu ƙera masarrafa irin su MediaTek da Qualcomm. Sai kamfanin wayar. Sannan ya sauko a matsayin sabuntawa. Wayar da aka daina aika wa sabuntawa ba ta samu ba. A 2017 kamfanin tsaro na Trend Micro ya ba da rahoton wata muguwar manhajar Android mai suna ZNIU da ke amfani da wannan ɓaraka, kusan shekara guda bayan an san maganinta. Don rage tsawon wannan zango ne Google ya ɓullo da tsarin GKI, inda ake raba gangar jikin kenel da direbobin kamfanoni.

Abin da mai waya zai iya yi

Yawancin wayoyin yanzu ba sa barin manhaja ta yau da kullum, har da Termux, ta karanta dmesg. Amma akwai halastacciyar hanya. A shiga Settings, a nemi Build number a sashen About phone, a taɓa shi sau 7. Developer options zai buɗe. A can akwai wurin ɗaukar rahoton matsala, ko kuma a kunna USB debugging, a jona wayar da kwamfuta mai manhajar adb, a rubuta adb bugreport. Jakar da za ta fito na ɗauke da saƙonnin kenel tare da na sauran babbar manhajar. A kula: rahoton na iya ƙunsar bayanan sirri na mai wayar, don haka ba abin watsawa a zauren WhatsApp ba ne, ga masu gyaran manhajar kaɗai ake tura shi. Kuma a kashe USB debugging da an gama, musamman kafin a ba da waya caji a shago.

Rahoto mai amfani yana faɗin samfurin waya, da zubin Android da na kenel, da zubin ƙarshe da abin ke aiki a kansa, da matakan da idan aka bi matsalar za ta fito. Haka kuma yana da kyau a riƙa duba kwanan watan facin tsaro a sashen About phone, a kuma saukar da sabuntawar tsaro idan ta zo, domin rigakafi ya fi magani. Mai niyyar sayen waya ya tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin aiko da facin tsaro, kamar yadda yake tambayar girman RAM da ƙarfin batir.

Ga mai sha'awar shiga harkar gina manhaja kuwa, mataki na gaba bayan gwajin Termux shi ne ya ɗora ainihin aikinsa a kan Git, ko da shafin yanar gizo ne mai jaka biyu, ya saba da yin ƙananan ajiyoyi masu bayani gamsasshe. Idan ya samu kwamfuta mai Linux, sai ya kwafo rumbun kenel daga kernel.org a inda data ke da sauƙi, domin yana da nauyi sosai, ya gina shi, ya kunna a cikin QEMU, ya rubuta dmesg ya karanta saƙon farko da kenel ɗin da ya gina da hannunsa ya fitar.